Ƴar tirelar soja ta zuwa daji: duƙa ka leƙa ƙasanta kafin ka biya

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka biyo. Tun da hotunan Turawa masu jan ƴar tirelar soja a bayan jif suka cika wayoyin mutane, tanti a samanta, murhu a gefe, sai ga matasanmu masu ɗan abin hannu suna tambayar yadda za su haɗa tasu. Abu ne mai yiwuwa, ni ma ina son fita daji. Sai dai yawancin masu rubuto min hankalinsu na kan tanti da firji, nawa kuwa yana kan taya da boris da ƙugiyar ja. Na taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili.

“Shekarata 6 a Amurka, ina da Toyota 4Runner. Ina son sayen ƴar tirelar soja a gwanjo in mai da ita ta zuwa daji, ni da mai ɗakina da yara uku. Na ga M416, na ga M101, na ga M1101, kaina ya ɗaure. Wacce zan ɗauka?”
Ɗan Zariya mazaunin Texas

Malam, sannu da zaman baƙunta. Ka yi sa'a kana inda kayan suke, ba sai ka yi cinikin biri a sama ba.

M416 ita ce ƙaramarsu. Tun shekarun 1960 aka yi ta don ƙaramar jif ɗin soja M151. Nauyinta babu kaya wajen kilo 260 ne, kayan da aka ƙayyade mata a hanyar daji kuma kusan kilo 225. Akwatinta bai wuce ƙafa 6 a tsawo ba, kuma ba shi da ƙofar baya, domin an ƙera shi ne ya iya tsallake kogi a kan ruwa da kaya a ciki. Yi lissafi da kanka: tantin da ake kafawa a sama kilo 60 ko fiye, jarka uku ta ruwa kilo 60, batir kusan 25, ga ƙarafan da za a ɗora tantin a kai. Kafin ka sa tukunya da shinkafa, ka cinye mafi yawan rabonka. Ta mutum biyu ce. Kuma da yake kowa ita yake nema, tsadarta ta fi girmanta, ga tsatsar shekara 50 da ƴan kai.

M101 ta fi ta nesa ba kusa ba. Don motar soja Dodge M37 aka fara yin ta, ita kaɗai wajen kilo 600 ce, tana ɗaukar kusan kilo 680 a daji. Akwai A1, A2 da A3. A1 birkin hannu kawai gare ta, na ajiyewa. A2 da A3 suna da birkin da ke kamawa da kansa duk lokacin da tirelar ta turo mota ta baya. M1101 da ƴar'uwarta M1102 na Humvee ne, faffaɗar motar sojan Amurka, sun fi sauran ƙuruciya, bodinsu alminiyam ne da tsatsa ba ta ci. Matsalarsu faɗi. Sun haura mita 2, sun fi motarka, ga tayoyi masu inci 37 a kan wili mai inci 16.5, wanda samun tayarsa a ƙaramin gari aiki ne. A siririyar hanyar daji, inda motarka ta wuce lafiya nan tirelar za ta rungumi bishiya.

Da ni ne da iyali irin naka, M101A2 zan nema. In hali ya samu daga baya, a sauya mata aksul da wani mai birki wanda ke ɗaukar wili mai noti shida irin na motarka, safaya ɗaya ta wadatar da mota da tirela. Kamfanin GovPlanet ne ke gwanjon yawancin irin waɗannan kayan na sojan Amurka, ka tabbata ka nemi takardar SF-97, da ita za ka je ofishin rajistar motoci a ba ka takardar mallaka da lamba. Sai gargaɗi ɗaya: fentin da sojan Amurka ke shafa wa kayansu tun shekarun 1980, wanda suke kira CARC, ƙurarsa da hayaƙinsa illa ne ga huhu, tsofaffin kuma akan samu dalma a fentinsu. Kada ka sa injin gurza a kansa a garejin gida yara na wasa a gefe. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi.

“Wani dillali ya nuna min ƴar tirela koriya, ya ce ta soja ce ta asali, daga gwanjon bariki ta fito. Ya ce in ba da kafin alƙalami yau, don akwai wani Alhaji da zai zo gobe. Takarda kuma sai bayan an gama ciniki. Hilux gare ni. In biya?”
Mai karatu daga Kaduna

Kada ka ba da ko sisi. Alhajin da zai zo gobe ɗin nan kowane dillali yana da shi. Kuma duk wanda ya ce takarda sai bayan ciniki, ya riga ya gaya maka babu takardar.

Bara wani ƙanen abokina ya ja ni wani fili a bayan gari in duba masa irin wannan. Daga nesa sai ka ce yau ta fito daga kamfani: koriya shar, an buga lambobi da farin fenti, har da tauraro a gefe. Na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙasanta. Aksul ɗin na bayan wata ƙaramar mota ne, an yanka shi a tsakiya an jona masa bututun ruwa don ya ƙara faɗi, waldar ɗige-ɗige kamar an yayyafa. Sifirin ɗin hagu ganye biyar, na dama huɗu. Na sa makullin mota na kankare fentin shasi, sai ga jar tsatsa tana zubowa kamar garin barkono. Zoben da ake ja da shi rodin gini ne aka lanƙwasa aka shafe da baƙin fenti. Muka ɗaga ta da jak, na kama taya sama da ƙasa na girgiza, tana ƙwas-ƙwas. Mai kayan yana tsaye a kaina yana cewa ai kayan soja ba sa mutuwa. Yaron nan kuwa ya riga ya sa rai, har ya fara ganin laifina. Ranar na dawo gida raina a ɓace, domin na san wani zai saye ta, ya loda mata kaya, ya hau titi da ita a gaban motar haya mai cike da mutane.

Ta asali tana da alamomi. Akwai ƴar farantin ƙarfe da aka kafa a jikinta mai ɗauke da samfurin, da sunan kamfanin da ya ƙera, da shekara, da nauyin da take ɗauka. Ka duba ƙusoshin da suka riƙe farantin, in sababbi ne a kan tsohon ƙarfe, daga wata aka ciro shi. Zoben ja ƙarfe ne guda mai kauri wanda aka ƙera a masana'anta, babu jonin walda a da'irarsa. Akwai sandar birkin hannu, akwai ƙafar da take tsayawa a kai in an kwance ta daga mota, akwai kan wayar wuta mai ƙafafu goma sha biyu. Sifirin dama da na hagu iri ɗaya suke. Ka je da ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi ɗif kamar ka bugi buhu. Ka fi ba wa wuyan tirelar lokaci, da wuraren da sifirin ya kama shasi, don nan ne nauyi ke taruwa.

To ko da ta asalin ce, da sauran magana. Ta yaya ta bar bariki? In gwanjo aka yi, akwai rasit da takardar sakin kaya. In daga waje ta shigo, akwai takardun kwastan. In babu ko ɗaya, kayan gwamnati ne a hannunka, kuma ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike, dillali yana gidansa yana shan shayi. Masu tunanin yin odarta daga waje su ma su sani, kayan da suka shafi soja sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, a je a tambaya tun kafin a tura kuɗi. Sannan tun 1977 akwai doka a Najeriya da ta hana farar hula amfani da koren launin soja a abin hawa. Abin da matasan nan ke sha'awa a jikin tirelar, wato launin da lambobin, shi ne abu na farko da dole a kawar. A yi mata fari ko ruwan toka tun a inda aka saye ta, kafin ta taka titi. Ka duba halin da muke ciki. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna har sayar da fetur a jarka suka hana, saboda masu kai wa ƴan bindiga kaya. Ka zo bakin daji da koriyar tirela shaƙe da jarkoki da abinci, soja zai ɗauke ka mai kai saƙo, ƴan daji su ɗauke ka jami'i. Wane daɗin yawo ne ya kai wannan kasada?

Ni ban raina aikin gida ba, a fahimce ni. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai masu walda da suka san ƙarfe kamar yunwar cikinsu. Ka je wurin na kirki, ka sayi sabon ƙarfe da hannunka, ka nemo lafiyayyen aksul wanda ba a yanka ba, ka zauna a yi aikin a gabanka, za ka samu abin da ya fi tsohuwar ta soja da ta shekara 30 ruwa na dukanta. Abin da ke ƙona min rai shi ne a haɗa tarkace a lulluɓe da fenti a kira shi da sunan da ba nasa ba, a kuma ninka masa kuɗi saboda sunan.

Kuma ba a tirelar kaɗai jabun ya tsaya ba. Mutum zai kashe kuɗin da ya isa sayen fili a kan tanti da fitilu masu walƙiya, da an zo kan taya sai ya tuna da tsadar rayuwa, ya tafi layin ƴan Beljiyam. Kun san yadda sabuwar taya ta koma, ni ma na sani, amma duk kayan nan da ka tara a kan taya biyu kacal suke zaune. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta jima tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, su kansu manyan kamfanonin taya suna cewa wadda ta kai shekara 10 a cire ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Tayar tirelar soja ta fi kowacce yaudara, domin zanenta yana nan daram tun da ba ta yi tafiya ba, alhali rana ta gama busar da robar. Ka matsa gefenta da yatsa ka ga ƙananan tsagu kamar faso. Akwai kuma masu sassaƙa wa sanƙon taya sabon zane da wuƙa, da masu goge lambar shekara su buga wata. In wajen lambar ya fi sauran jikin tayar santsi ko ya ɗan lotsa, ajiye musu kayarsu.

Boris ma haka. Ana buga sunan SKF da Koyo da Timken a kan kwalin da abin cikinsa ko kilomita 200 ba zai kai ba. Boris ɗin tirela in ya ƙone ba ya sallama, tayar ce kawai za ta wuce ka a guje. Ka saya a wurin wanda in ka dawo gobe za ka same shi, ka ƙi wanda arhar ta yi yawa, araha ba ta ado. A wanke hob, wato gidan boris ɗin, da kananzir, a cika da sabon giris, ka ajiye boris na safaya guda a mota. Ƙusoshin da za su riƙe ƙugiya kuma a duba kansu, a ga 8.8 ko 10.9. Waɗanda kansu babu rubutu na ƙofar shago ne. A ɗaure ƙugiyar a ƙarfen ja da ya kama shasin mota, kada wani ya ce zai manna maka ita a bamba da walda. Sarƙa biyu kuma dole ne, a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirela, in ƙugiya ta saki su tallafe shi kafin ya caki ƙasa.

“Na samu M105 da arha. Corolla gare ni, amma injinta lafiya lau. Za ta ja?”
Wani matashi daga Abuja

Ba za ta ja ba, kuma bai kamata sai na faɗa ba. M105 ita kaɗai babu kaya ta haura kilo 1,200, kusan nauyin motarka. An yi ta don babbar motar soja mai tan biyu da rabi, birkinta kuma da iska yake aiki, iskar da Corolla ba ta da ita. Ko kuloc ɗinka ya jure ya tayar da ita, wa zai tsayar da ita a gangara? Arhar da ka gani don babu mai buƙatarta ne sai ƴan gwangwan.

“Na jona wayar tirela da motata, danja tana ci amma dishi-dishi. Mai wayarin ya ce batir ne.”
Mai karatu daga Jos

Batirinka ƙalau yake. Wutar kayan soja bolt 24 ce, ta motarka 12, shi ya sa ƙwan ke ci kamar aci-balbal. A sauya ƙwayayen da na bolt 12, ko a sa fitilun LED masu karɓar duka biyun. Tsohuwar wayar ma ta bushe, a zare ta gaba ɗaya a ja sabuwa cikin bututun roba, a ba ta wayar as tata daga mota, kada a dogara da ƙugiya. Kafin kowace tafiya wani ya tsaya a baya ka taka birki ka ba da sigina. A manna mata kuma tef mai ƙyalli ja a baya, saboda masu tafiyar dare.

“Maigidana ya haɗa irin wannan tirela, ya ce hutun ƙarshen shekara Mambila za mu da yara huɗu, a tanti za mu kwana. Ya ce in mota ta cika manyan yaran biyu sai su zauna a tirelar. Tun da ya faɗa ban yi barcin kirki ba. Ba na son ya ga kamar ina hana shi abin da yake so.”
Uwar yara daga Gombe

Hajiya, Allah Ya kwantar miki da hankali. Damuwarki a kan gaskiya take, kuma uwa ce kaɗai za ta hango abin da kika hango. Maigidan da ke son fita da iyalinsa su ga ƙasa abin yabo ne, kada ki kashe masa gwiwa. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi ki nuna masa wannan amsar, ki ce ni na faɗa.

Ba a ɗaukar mutum a tirela, babba ko yaro, ko da daga nan zuwa bakin kasuwa ne. Ba ta da bel, tana tsalle fiye da mota, takan kife mota na tsaye da ƙafafunta, direba kuma ba zai ji ihun na baya ba. In mota ba ta ɗauke ku duka ba, a nemi ta biyu. Ai dama tafiyar daji da mota ɗaya ba dabara ba ce.

Abu na biyu shi ya fi tsorata ni. Mambila ta haura mita 1,500 a sama, sanyin Disamba a can ba irin na Gombe ba ne. Dare zai raba, yara su fara rawar ɗari, wani ya ce a shigo da kaskon gawayi cikin tanti a zuge zif. Kada ki yarda, ko da garwashin ya daina hayaƙi. Gawayi da janareto da risho na gas duk suna fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Kin sha jin labarin iyalin da aka wayi gari an same su saboda janareto a cikin gida, to tanti ya fi ɗaki ƙanƙanta. A yi girki a waje, janareto ya yi nisa, tukunyar gas ta kwana a tsaye a inda iska ke ratsawa. Ku tafi da barguna da rigunan sanyi da safa da huluna fiye da yadda kike zato. In wani ya tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a fito da kowa fili nan take.

Sai hanya. Daga Jalingo ta Bali da Serti, hawan dutsen yana farawa ne daga Mayo Selbe, kwana a kan kwana har Nguroje da Gembu. Hawa da sauƙi a kan saukowa, domin a gangara tirela turo mota take yi. Maigida ya sauko da ƙaramar giya, kada ya ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi ya daina kamawa. In tirelar da kayanta sun wuce kilo 750 kuma ba ta da birkin kanta, kada ta hau dutsen nan. A Ingila da ƙasashen Turai wannan ne iyakar da doka ta sa wa tirela marar birki, kuma ba a banza suka sa ba. A yi tafiyar da rana, a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a wuce, in kuma gandun dajin Gashaka-Gumti za ku shiga, a fara zuwa ofishinsu a Serti a ɗauki ma'aikacin daji.

Da za ku ji tawa, ku fara da Yankari. Kusa take da ku, akwai ɗakunan kwana a sansanin Wikki in tanti ya gagara, yara su yi wanka a ruwan ɗumi mai digiri 31 su dawo da labari. Ku nemi izinin masu kula da wurin kafin ku kafa tanti, ku kuma kulle abinci, gwaggon birin Wikki ba ya jin kunya. In wannan ta yi kyau, baɗi sai Mambila.

“Ina da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Na samu tirelar Sankey da wasu matafiya suka bari. Ina so in je da ita duwatsun Ayar a arewacin Nijar, wataƙila har hamadar Tenere.”
Mai karatu daga Damagaram

Malam, ka samu kaya mai kyau in shasinta na da rai. Sankey ta sojan Ingila ce, don Land Rover aka yi ta, kuma tana da birkin da ke kamawa in ta turo mota. Tayarta 7.50-16 ce, irin wadda kuka saba da ita, amma ramukan wilin Land Rover ba su dace da na Toyota ba, don haka safayarta daban za ka riƙe. Ka lura da wannan: a irin haɗin nan na ƙugiya da zobe, ɗaya ne kawai ya kamata ya riƙa juyawa. In zoben tirela na juyawa, a kulle ƙugiyar mota. Za ka ji tana ƙwaram-ƙwaram a duk tashi da tsayawa, haka take, kuma ita ta fi ƙwallon ja na motocin birni jure rami da tudu.

Hanyoyin Ayar masu duwatsu za ta bi su a hankali. Tenere kuwa, bar ta a gida. A rairayi mai laushi tirela ja da baya take yi, tana ƙara shan mai, in ka kafe a tudun yashi ba ka da damar komawa da baya sai ka kwance ta kun tura da hannu cikin rana. In yashi kaɗan ne a hanya, a rage iskar tayoyinta kamar yadda ake rage na mota, a mayar da an fita. Izinin hukuma da ɗan jagora da rakiya kuwa, ku mutanen can kun fi ni sanin ba a wasa da su.

“Kuɗina ba za su ishi komai lokaci ɗaya ba. Tanti, sola, firji, tankin ruwa: me zan fara saya?”
Malamin makaranta daga Katsina

Malam, tambayarka ta fi ta kowa hankali. Babu ko ɗaya a cikin huɗun. Fara da taya uku masu kyau, da boris, da birki, da ƙugiya da sarƙa, da wuta, da takardu. Abin da ya rage ka sayi tamfol mai kauri da jarkoki da tantin ƙasa na talaka, ka fita da su sau biyu ko uku. A nan za ka gane abin da kake buƙata da gaske. Tantin sama yana ɗaga nauyi sama, tirela mai nauyi a ka kuwa ita ke saurin kifewa a hanyar da ta karkace. In ka sa shi daga baya, ƙarafansa su zama gajeru iya yadda za a iya.

Wajen lodi, ruwa da batir su zauna ƙasa, a kan aksul ko ɗan gaba da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka riƙa lissafi da haka. Kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin duka ya kamata ya sauka a kan ƙugiya. In baya ya fi nauyi, da ka ɗan taka mota za ta fara kaɗa wutsiya. In ta fara, ɗaga ƙafa daga totur a hankali ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi. Fetur kada ya haɗa akwati da batir ko tukunyar gas.

Kafin ka ɗauki iyali, cika jarkokin da ruwa ka loda ta kamar ranar tafiya, ka bi hanyar burji mai gargada kilomita 20. Tsaya ka taɓa hob ɗin kowace taya da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, in ya ƙona ka koma wurin bakanike. Ka sake ɗaure notunan wili, ka leƙa walda ko ta tsage, ka nemi fili ka koyi komawa da baya har hannunka ya faɗa. Masu tambaya a kan firji da sola, wasiƙunku suna hannuna, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.